Tanderu Ɗaya Da Aka Rushe Da Gaske

Ranar Litinin da safe aka ce wa Sufeto ya cire hotunan da ke bangon ofishinsa. Shekara uku suna nan har rana ta cinye launinsu. Wata mata ce take murmushi a gaban shuɗiyar wuta, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: "A bar itace, a kama gas." Ya sa farce yana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, fenti yana biyo su, amma hankalinsa sam ba ya wurin. Kwana huɗu ke nan da rufe bututun da ke kai gas layin masu burodi, kuma a wannan layin ne yayansa yake da gidan burodi.

Abin da ya jawo rufewar yaƙi ne da ake gwabzawa can wata nahiya, tsakanin manyan ƙasashen da ko sunan wannan gari ba su taɓa ji ba. An fasa bututai, an tare wata mashigar teku, waɗanda suka saba samun gas a ƙofar gida suka wayi gari babu. Da yake masu hannu da shuni ne, sai suka bazama duniya suna saye ko nawa aka ce. Jirgin ruwa ya ɗauko gas zuwa ƙasar su Sufeto, yana tsakiyar teku sai a buga wa mai shi waya, ya juya ya nufi inda aka ƙara masa. Ɗan abin da ya rage gwamnati ta ce na tashar lantarki ne da asibitoci. Baƙin nan da suke zuwa da jakunkuna da gorunan ruwa suna yi wa mutane wa'azin illar hayaƙi, su ne yanzu suka koma suka buɗe tsofaffin ramukan kwal ɗinsu, ko kunya babu. Wasu baƙin daban ne ke sauka a filin jirgi, daga ƙasashen da a bara ko tashi ba a yi in sun shigo ɗakin taro. Yau kuwa minista da kansa yake zuwa tarbarsu, don su ne masu kwal na sayarwa.

Sufeto shi ya jagoranci shirin sauya tanderu a shiyyarsa. Gwamnati ta ba mai burodi tanderun ƙarfe mai aiki da gas cikin rangwame, ta ja masa bututu har ciki, bisa sharaɗi ɗaya. Dole a rushe tsohon tanderun bulo a gaban jami'i, a ɗauki hoton ɓaraguzai, jami'in ya sa hannu, don kada ana juya baya mutum ya koma wa itacensa. Gidajen burodi ashirin da ɗaya ne a layin da lungunansa. A kabad ɗin da ke bayan kujerar Sufeto akwai fayil ashirin da ɗaya, kowanne da hotonsa da sa hannu. Ashirin daga ciki ƙarya ne.

Daga gidan farko abin ya faro, gidan wani da ake kira Gajere, wanda a hannun yayan Sufeto ya koyi sana'a. Da aka zo da guduma, Gajere ya ɗora tafinsa a doron tanderun da bai gama hucewa ba, ya ce, "Yallaɓai, don Allah ka taɓa ganin an yanka saniya saboda an sayo madarar gwangwani?" Sufeto ɗan mai burodi ne, a bayan irin wannan tanderun ya yi rarrafe. Zuciyarsa ta karye. Shi da kansa ya ƙirƙiro dabarar: a toshe bakin tanderun da layin bulo ɗaya, a shafe da filasta ya zama kamar bango, a tura baro biyu na ɓaraguzai gabansa, a ɗauki hoto daga gefe. Baro biyun nan sai da suka zaga gida ashirin, kamar kujerun haya. Bai karɓi ko sisin kowa ba. Ko burodin da suke cusa masa a mota mayar musu yake yi.

Gidan Yaya ne na ƙarshe a jeri. Kafin a kai kansa, tsegumi ya riga ya cika ofis: za mu ga yadda zai yi da na gida. Sufeto kuwa sabon ƙarin girma gare shi, in ya ji an yi dariya a baranda sai ya ga da shi ake. Ana cikin haka baƙin da suka ba da kuɗin shirin suka ce suna son ganin rushewa guda da idonsu, da masu kyamara. Ba wanda ya tilasta masa. Shi ya ɗaga hannu a taro ya ce a je gidan yayansa.

Ana gobe za a zo, Yaya ya ja shi gefe. "Auta, babu wata dabara? Baba ne fa ya gina shi. Ko bakinsa a toshe kawai, na yi maka alkawari ba zan kunna ba."

"Doka ce, Yaya," in ji Sufeto, da bakin nan nasa. "In na ɗaga maka ƙafa, da wane ido zan kalli sauran?"

Yaya ya ce, "Ka yi gaskiya. Ni ne ban kyauta ba da na tambaya."

Washegari Sufeto ya fara kai gudumar, baƙi suka tafa. Tun daga ranar Yaya ba shi da zance sai na ƙanensa da ba ya son kai, wanda ya rushe tanderun ubansa don doka. Sauran masu burodin sai su gyaɗa kai su kawar da ido. Ba wanda ya gaya masa komai, don Yaya irin mutanen nan ne da in suka ji an yi ba daidai ba, sai sun faɗa a tsakiyar kasuwa.

Yana cikin cusa hotunan a kwandon shara Darakta ta shigo ba sallama, kamar yadda ta saba. Mace ce mai saurin magana, ta yi zamani da ministoci shida ba wanda ya taɓa kama ta da ra'ayi.

"Sufeto, an kawo sabon umarni. Jirgin kwal na farko zai iso ƙarshen mako. Masu burodi suna cikin waɗanda za a ba, har da fulawa mai rangwame, amma sai wanda yake da tanderun da zai ci kwal ɗin. Ina son sunayensu ranar Alhamis."

"Ranki ya daɗe, ai a takarda duk an rushe."

"A takarda." Ta zare tabarau ta dube shi. "Ta layin na biyo yau, hayaƙi sai da direba ya ɗaga gilashi. Ban tambaye ka yadda rusasshen tanderu yake hayaƙi ba, kuma ba zan tambaya ba. Sauran shiyyoyi ana can ana doke-doke a layin sayen burodi, taka ce kaɗai take ciyar da gari. Minista ma ya tambayi sunanka."

Ta fita. Wallahi da takardar tuhuma ta miƙa masa da ya fi jin daɗi. Ya yi ƙarya ashirin saboda tausayi, ya yi gaskiya ɗaya saboda tsoro, kuma ga shi ƙaryar ce za a yaba masa a kai. Ya ɗauki makullin mota ya fita.

Tun daga bakin titi ƙamshin ya tare shi. Ƙamshin burodin itace ne, wanda gari ya shekara uku bai ji ba, har masu wucewa suna rage tafiya. An fasa filastar ko'ina, an jingine bulon toshiyar a bakin ƙofa ba ko ɓoyewa. Motocin kantuna sun yi layi, masu keke sun ɗaure kwanduna, ana ta miƙo faranti ana ihun a matsa. Gajere ya hango shi ya taho da gudu, fuska duk toka, ya rungume shi har ya ɓata masa riga.

"Yallaɓai, ka cece mu! Wallahi iyalina kullum sai sun sa maka albarka. Da ba don kai ba da yanzu muna zaune muna kallon ƙarfe."

"Rage murya. Yaya ya san ni ne?"

Murnar Gajere ta koma ciki. Ya dubi ƙarshen layin, inda bututun hayaƙi ɗaya ne tak ba ya fitar da komai. "Maigidana? Wa zai iya kallon idonsa ya faɗa masa? Shekaranjiya ya zo nan ya tsaya ya daɗe yana kallon wutar. Na ce ya kawo kwaɓinsa in gasa masa, ya ce shi ba ya gashi a tanderun da aka yi wa gwamnati ƙarya da shi. Ka san halinsa."

Ya sani ƙwarai. Ya taka da ƙafa zuwa ƙarshen layin, tafiyar da ba ta fi minti uku ba, amma sau biyu yana tsayawa wai yana duba waya.

Matar Yaya ce a bakin kanti, tana goge kantocin da babu komai a kansu. Tun tana amarya take tsokanarsa, kuma yau ma ba ta fasa ba. "A'a, ga mijina na ofis! Ka zo ka ga yadda gas ɗinku ya ba mu hutun dole?"

"Matarmu, ina wuni?"

"Ina wuni ba ya gasa burodi. Shiga, yana ciki yana yi wa ƙarfensa wanka."

Haka kuwa. Yaya yana tsaye da tsumma yana goge ƙofar tanderun gas, wadda ta riga ta fi madubi ƙyalli. Ɗakin ya yi sanyin da Sufeto bai taɓa ji a gidan burodi ba. A kusurwa ga babban kwaɓin ranar da aka rufe bututu, ya tashi ya faɗa ya yi tsami, ba wanda ya samu zuciyar zubarwa. Cikin ma'aikata shida biyu ne suka rage, suna zaune a kan buhunan fulawa. Sauran huɗun Yaya da kansa ya tura su maƙwabta, ya ce ba zai riƙe masu iyali su yi ta kallonsa ba. Inda tsohon tanderu yake a da yanzu fili ne da aka shafe da siminti.

"Auta, ka ji ƙamshi?" in ji Yaya, bai ko jira gaisuwa ba. "An cuce ka. Wallahi yaran nan naka na ofis sun ci amanarka. Kai kana bin doka har cikin gidan ubanka, su suna bin bayanka suna karɓar na goro suna ɗaukar hoton ƙarya."

"Yaya, ka zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba. Ni ba baƙin ciki nake yi da su Gajere ba, su ci abincinsu, Allah ya ƙara. Amma gobe in magana ta tashi sunan wa za a kira? Naka. Wanda ya ɓata maka suna sai na ga bayansa. Ka duba takardunku ka gano mini wane ne ya sa hannu, ni zan rubuta koke da sunana, kai ba ruwanka."

Ga mutum sana'arsa ta shekara arba'in tana mutuwa a gabansa, amma sunan ƙanensa ne ya hana shi sukuni. Sufeto ya ji kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa. Maganar ta zo masa baki, ya ji ɗacinta, sai ya ga ma'aikatan nan biyu suna kallo, ya haɗiye. Ya ce zai duba. Ya tambayi lafiyar yara, ya ce ana jiransa a ofis, ya fita da sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta.

Ranar Talata ya kwashe ta wajen neman hanyar da zai gyara ɓarnar ba tare da ya buɗe baki ba, aikin da masu laifi suka fi ƙwarewa a kai. In ya sake gina tanderun, a tunaninsa, sauran magana mai sauƙi ce. Ya nemi tsohon maginin da ya yi wa rabin layin nan aiki, aka ce ya rasu bara. Ɗansa yana nan, amma gidajen bulon siminti yake ginawa. Ya saurari Sufeto yana sosa ƙeya.

"Yallaɓai, gaskiya ni na ga Baba yana yi, amma doron nan ba da awo yake ɗaga shi ba, da ido ne. In na kuskure, ranar da aka cika shi da wuta zai rufto a kan mutum. Kuma ina jan bulon da ke jure wuta? Masana'antar da ke gasa shi ai ita ma da gas take aiki, an rufe ta tun makon jiya."

"In an samu bulon fa?"

"Wata biyu gini. Sannan a yi ta ba shi ƙaramar wuta wajen wata guda kafin ya bushe, in ba haka ba ya tsage."

Wata uku ke nan. Mai kanti kuwa kwana uku in bai ga burodinka ba ya kama wani, kuma ba ya dawowa. Sufeto ya koma ofis ya buga sunaye ashirin, ya zauna yana kallon layin da ke ƙasa. Zai iya ƙara na ashirin da ɗaya, ba mai dubawa. A ba Yaya kwal da fulawa, ya sayar wa maƙwabta ya samu na cefane. Har ya buga harafin farko sai ya tuna wanda yake shirin yi wa wannan alfarmar. Mutumin da ya ƙi gasa kwaɓinsa a tanderun ƙarya, shi ne zai karɓi kwal da sunan tanderun da babu? Ya goge. A gida matarsa ta tambaye shi ko ba shi da lafiya, don ya tura abinci gefe, ya ce aiki ne ya yi yawa.

Ranar Laraba da hantsi masinja ya leƙo ya ce wani dattijo yana nemansa, ya ce shi yayansa ne. Kafin Sufeto ya miƙe Yaya ya shigo. Ya sa kayansa na zuwa muhimmin wuri, sun sha guga, ga takarda a ninke a hannu. Shekara goma sha ɗaya Sufeto yana wannan ofis, Yaya bai taɓa tako shi ba, yakan ce ba ya son a ce yana zuwa neman alfarma. Ya tsaya yana kallon teburi da fanka da labule, yana murmushin jin daɗi.

"Ashe haka wurin yake. Da Baba ya ga wannan!" Ya zauna a bakin kujera. "Na ga ka yi shiru, na ce nauyin yaranka kake ji. Ka san ka da tausayi. To ni ba na ji. 'Yarka ta gidana ce ta rubuta mini koken jiya, da hannunta mai kyau, wurin suna kawai muka bari. Faɗa mini in cike in kai wa shugabarku."

Ya buɗe takardar a kan teburi ya lallashe ta da tafin hannu. Sufeto ya ga gurbin da aka bari a tsakiyar layi na uku, an ja masa ɗan zare a ƙasa.

Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya buɗe kabad ya kwaso fayilolin gaba ɗaya, ya ajiye a gaban yayansa, ya buɗe na sama. Yaya ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya dubi hoton, ya gane bangon Gajere, ya yi tsaki. Sannan idonsa ya sauka ƙasa. Ya san sa hannun nan, shi ya biya kuɗin makarantar da aka koye shi. Ya buɗe fayil na biyu, ya buɗe na uku. A na biyar ya tsaya.

"Sun kawo maka ne ka sa hannu ba ka je ka gani ba?"

Ga ƙofar tsira Yaya ya buɗe masa da kansa, kuma Allah ya sani sai da Sufeto ya leƙa ta.

"A'a, Yaya. Ina wurin. Ni na koya musu yadda za su toshe. Ni na ɗauki hotunan."

"Duka ashirin?"

"Duka."

"Kafin nawa ko bayan nawa?"

"Kafin."

Fanka tana ta juyawa tana ɗaga gefen takardar koken. Yaya ya cire tabarau ya ninke shi a hankali, ya mayar aljihu, ya sake fito da shi kamar ya manta abin da ya yi.

"Nawa suka ba ka?"

"Wallahi ko burodi ɗaya ban karɓa ba."

Ya faɗe ta da sauri, don ita kaɗai ce tsabtatacciyar maganar da ta rage masa, kuma ya ɗauka za ta rage wani abu. Yaya ya ɗago ya dube shi, duban da bai taɓa yi masa ba.

"Da ma ka karɓa."

"Yaya?"

"Da ka karɓa, sai in ce kwaɗayi ne, kowa da nasa. In ce ni ban bayar ba shi ya sa. In yi fushi kwana biyu in huce." Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan. "Wato tausayi ne. Mutum ashirin ka dubi fuskarsu ka ji tausayinsu. Da ka zo kaina sai ka dubi fuskar mutanen ofis."

"Tsoro na ji. Ana ta magana, an ce zan yi son kai..."

"Na roƙe ka fa, Auta. Ni da na goya ka, na ja ka gefe na roƙe ka. Ka ce da wane ido za ka kalli sauran. Har haƙuri na ba ka." Ya ɗan yi dariya marar daɗi. "Shekara uku ina zaga layin nan ina cika musu kunne da kai. Ashe suna kallona ne kawai. Har Gajere."

Sufeto ya zagayo teburin ya durƙusa, babban mutum da furfura a gemu, gwiwa biyu a kan tayil ɗin ofis. Ya ce a yafe masa. Ya ce zai sayar da mota, zai nemo bulo ko daga wace ƙasa, zai samo magini, wata uku ne kawai. Hawaye yake yi sosai, ba na neman a tausaya ba, na wanda ya rasa inda zai sa kansa.

"Tashi, kada wani ya shigo ya gan ka haka," in ji Yaya. Ya ɗauki koken ya ninke shi huɗu ya sa a aljihu. "Yafiya na yafe, ai ba zan kai ka gaban Allah ba. Amma kada ka sayar da komai. Wanda za ka gina naka ne, ba na Baba ba." Ya nuna takardar da ke gefen teburin. "Sunayen masu kwal ne?"

"E."

"Ina ciki?"

"Babu."

"To madalla, ko nan ka yi daidai. Ka kai musu da wuri, mutane suna jira." Ya miƙe yana dafa teburi. "A cikinsu wa ya fi babban tanderu?"

"Gajere."

"Na san zai buƙaci hannu."

"Yaya, haba! Yaronka ne fa, kai ka koya masa riƙe faranti. Jiya-jiya ka ce ba ka gashi a..."

"Jiya ina da abin da nake taƙama da shi. Yau ina da mata da 'ya'ya da ma'aikata biyu."

Sufeto ya ɗauko makulli ya ce bari ya kai shi. Yaya ya ce a'a, motar haya ta kawo shi, ita za ta mayar da shi. A baranda ya tsaya ya gaisa da masinja cikin mutunci, ya yi masa godiya, sannan ya sauka matattakala yana riƙe da ƙarfen gefe.

Ranar Alhamis Sufeto ya miƙa sunaye ashirin. Darakta ta ce aiki ya yi kyau, ta ƙara da cewa ana shirin sabon kwamiti na farfaɗo da tanderun gargajiya, da kuɗin sababbin baƙin, kuma shi take so ya shugabanta tunda ya san kan abin. Ya ce to, ranki ya daɗe. Ya buga wa Yaya waya sau uku ba a ɗauka ba. Ya buga wa matar Yaya, ta ɗauka ta ce, "Lafiya lau muke, ya fita aiki," ta kashe. Babu mijina na ofis, babu komai.

Ranar Juma'a da safe matarsa ta dawo daga kanti tana murna ta samu burodi ba tare da dogon layi ba. Ta ajiye shi a teburi da ɗuminsa, cikin ledar gidan Gajere. Sufeto ya jawo shi zai yanka wa yara, ya juya shi, sai hannunsa ya tsaya. A ƙasan burodin an naɗe bakin kwaɓin ciki sau biyu an danne da babban yatsa, har gurbin yatsan ya gasu a jiki. Mutum ɗaya ne a garin nan yake rufe kwaɓi haka, kuma a wurin ubansu ya gada.

Babbar 'yarsa ta leƙo ta kafaɗarsa. "Lah, Umma, irin na Baba Babba ne! An dawo musu da gas ɗin ne?"

"Ba a dawo da shi ba," in ji Sufeto.

"To a ina ya gasa?"

Matarsa ta dubi ledar, ta dubi mijinta, ta ajiye butar shayi. Yara suna ta miƙo kofuna suna cewa za su makara. Ya yanka musu kowa da rabonsa, ya yi ta yanka har wuƙar ta zo daidai gurbin yatsan, sai ya ajiye ta. Ƙaramin ya ce in Abba ba ya cin wannan guntun a ba shi. Ya tura masa.